Ungulu da Maiki: Kwatancin Tsuntsaye Biyu da ke Bakin Ƙarewa

Ungulu da maiki tsuntsaye ne masu cin mushe na nahiyar Afirka, 'yan gida ɗaya da shaho da shirwa da gaggafa, wato dangin da masana ke kira Accipitridae. Ungulun da ake nufi a nan ita ce ƙaramar nan ta cikin gari, mai siririn baki da jar fuska, wadda sunanta na kimiyya Necrosyrtes monachus. Maiki kuwa, wanda wasu ke kira miki, shi ne babban na daji mai dogon wuya da ɗigon fari a gashi, sunansa na kimiyya Gyps rueppelli. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da kundin halittun duniya da ke cikin haɗari, ta sanya su duka biyu a matakin da babu wani a gabansa sai ƙarewa a daji.

Abin da ya sa ake kwatanta su shi ne bambancin hanyar da kowanne ya bi wajen zama da mutum. Ungulu ta shigo gari ta zauna a kan rufin mayanka. Maiki ya yi nesa, ya haye dutsen da ƙafa ba ta kaiwa. Duk da haka sun iske juna a shafi ɗaya na kundin haɗari, a shekara ɗaya.

Siffa da girma

Masanin dabbobi ɗan Holan, Coenraad Temminck, shi ya bayyana ungulu a rubuce a 1823, kuma ita kaɗai ce a rukuninta. Tsawon jikinta kimanin santimita 62 zuwa 72 ne, faɗin fukafukanta idan ta ware su mita 1.5 zuwa 1.8, nauyinta kuma kilo 1.5 zuwa 2.6. Gashinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu. Fuskarta ba gashi, fatar kan yi ja sosai idan ta fusata ko tana rububin abinci, sannan akwai lallausan gashi mai toka-toka da ya rufe mata ƙeya. Akwai ire-irenta biyu: ta yammacin Afirka da yankin Sahel, wadda ta saba da mutane, da ta gabashi da kudancin nahiyar, wadda ta fi zama a daji tana gudun jama'a.

Maiki ya ninka ta wajen sau huɗu a nauyi. Yakan kai kilo 6.4 zuwa 9, tsawonsa santimita 85 zuwa sama da mita ɗaya, fukafukansa kuma mita 2.3 zuwa 2.6. Kowane gashi na bayansa da ƙirjinsa yana da farin baki, shi ya sa daga nesa ake ganinsa da ɗigo-ɗigo. Bakin babba mai kauri ne, launinsa ruwan ƙwai, idonsa ma haka, wuyansa dogo da ɗan farin gashi kwance. Alfred Brehm ne ya sa masa suna a 1852, don girmama Eduard Rüppell, Bajamushen da ya yi yawon binciken halittu a Masar da Sudan da Habasha.

Ba ɗaya daga cikinsu da ke da ƙafar kamu irin ta shaho ko gaggafa. Faratansu dakusassu ne, na tafiya a ƙasa da danne nama, ba na fizgar abu mai rai ba. Wannan ya isa ya wanke su daga zargin satar 'yan tsaki ko 'yan awaki.

Gari da dutse

Ungulu tana yaɗe a kusan duk Afirka kudu da Sahara, daga Sanagal zuwa Habasha, ta gangara har arewacin Afirka ta Kudu. A yammacin nahiyar tsuntsuwar kasuwa ce da kwata da juji. Duk wanda ya girma a garuruwan Hausa kafin shekarun 1990 ya san ta a jere kan katangar mayanka tana jiran mahauta su zubar da tumbi, ba ta tashi sai an zo dab da ita. Peter Mundy, wanda daga baya ya shahara a nazarin ungulayen Afirka, a Sakkwato ya fara binciken ta a farkon shekarun 1970, lokacin da garin ke cike da ita. Tana kwana tana kuma sheƙa a dogayen itatuwa: ɗorawa da gawo da tsamiya da kuka da rimi da giginya. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya iske yawancin sheƙunanta a kan ɗorawa da gawo da tsamiya, sau da yawa a tsakiyar gidaje da gonaki. Maganar Hausawa ta komawar ungulu gidanta na tsamiya ta dace da abin da aka gani a fili.

Maiki ɗan Sahel ne da filayen ciyawa, daga Sanagal da Mali, ta Nijar da Cadi da Sudan, zuwa Habasha da Kenya da Tanzaniya. Ba ya shiga gari. Yana sheƙa cikin taro a jikin duwatsu masu miƙaƙƙen bango, inda kura ko biri ko mutum ba sa iya hawa cikin sauƙi, kuma irin wannan mazauni kan ɗauki ɗaruruwan sheƙu, a yi ta amfani da shi shekara da shekaru har farin kashinsu ya rine dutsen. Sanannun wuraren sun haɗa da duwatsun Gol a gefen Serengeti ta Tanzaniya, da Kwenia da Hell's Gate a Kenya, da duwatsun yankin Hombori a Mali, da tsaunukan Termit da Kutus a Nijar. A wasu sassan Sahel inda babu dutse, musamman a Cadi, yakan yi sheƙa a kan itace.

A Najeriya mazauninsa da aka fi sani shi ne dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau, a ƙaramar hukumar Bungudu ta jihar Zamfara. Littattafan tsuntsayen Najeriya na ƙarni na 20 sun ambaci taron maiki da ke haihuwa a can, kuma mutanen garin suna da tsohon bikin shekara na kamun maiki, inda gwanayen hawa ke hayewa dutsen su sauko da shi. Bikin shaida ne cewa tsuntsun ya daɗe a wurin har ya shiga al'adar mutanensa. Yau an daina lissafa Kwatarkwashi cikin wuraren haihuwarsa, kuma ganin maiki ko'ina a Najeriya ya zama abin da masu duba tsuntsaye ke rubutawa don ƙarancinsa.

Wani abin lura shi ne tun daga shekarun 1990 ake ganin tsiraru daga cikin matasan maiki suna ƙetare mashigin Jibralta zuwa Sifaniya da Fotugal, suna bin ayarin 'yan uwansu na Turai da ke komawa gida daga yammacin Afirka. Adadinsu kaɗan ne, bai kai ya cike giɓin da aka samu a Sahel ba.

Tashi da neman abinci

Dukansu da ido suke neman abinci, ba da hanci ba, kuma dukansu sun dogara da iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta ɗaga. Tsuntsun kan ware fukafukai ya yi ta kewaya cikin wannan iska tana cira shi sama, sannan ya zamo a hankali zuwa wata, ba tare da ya kaɗa fiffike ba sai nadiran. A nan nauyi ke raba su. Ungulu, da yake ba ta da nauyi, tana iya tashi tun da sassafe da 'yar iska kaɗan, shi ya sa takan riga kowa isa kan mushe. Maiki sai ya jira hantsi, ko ya faɗa cikin iskar da ke bugun dutsensa ta ɗauke shi. Amma da zarar ya hau, sai ya yi nisan da ungulu ba ta yi. Nazarin da Colin Pennycuick da David Houston suka yi a Serengeti, inda na farkon ya riƙa bin tsuntsayen da ƙaramin jirgin sama, ya nuna maiki kan yi tafiyar kilomita 150 daga sheƙarsa don neman abinci, yana bin garken namun daji masu ƙaura, ya dawo ya ciyar da ɗansa.

Maiki ne ke riƙe da tarihin tashi mafi nisa a sama da aka taɓa tabbatarwa ga wani tsuntsu. Ranar 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin fasinja ya yi karo da shi a sararin samaniyar Abijan, a tsayin kimanin mita 11,300, wato sama da ƙololuwar dutsen Everest da fiye da kilomita biyu. Injin ɗaya ya lalace, jirgin ya sauka lafiya, kuma daga ragowar gashin da aka samu ne masaniyar gashin tsuntsaye Roxie Laybourne ta cibiyar Smithsonian a Amurka ta gane ko wane tsuntsu ne. A wannan tsayi iskar numfashi ta yi ƙarancin da mutum zai suma cikin mintuna kaɗan. Abin da ke taimakon maiki shi ne wani nau'in sinadari a jininsa mai ƙarfin kama oksijin ko da ta yi kaɗan. Ba kullum yake kai wannan nisa ba. Yawancin jewarsa ƙasa da haka take sosai, inda zai iya hango ƙasa da kuma sauran 'yan uwansa.

Wannan hangen juna shi ne sirrin nemansu. Maiki da yawa kan bazu a sama, kowanne yana lura da na kusa da shi. Ɗaya ya ga mushe ya sauka, na gefensa ya bi shi, na gaba ma haka, kafin a jima an taru da dama daga wurare masu nisa. Tsarin yana aiki ne idan suna da yawa. Idan sun ragu, idanun da ke sama sun ragu, waɗanda suka saura kuma sai neman abinci ya ƙara yi musu wuya. Kuma wannan tsarin ne ke tara tsuntsayen yanki guda kan mushe ɗaya, abin da ke zama masifa idan an sa masa guba.

A kan mushe kowa da rabonsa. Maiki yakan cusa dogon wuyansa cikin gawar ya ciro tsoka da kayan ciki, harshensa yana da ƙananan ƙayoyi masu jawo nama, kuma yana iya cin fiye da kilo ɗaya a zama guda sannan ya yi kwanaki bai ci ba. Ungulu ba ta iya ture manya. Tana tsayawa gefe tana tsintar abin da ya faɗi, idan an watse kuma ta sa siririn bakinta ta sakace naman da ya maƙale tsakanin ƙasusuwa. Ba ta tsaya ga mushe kaɗai ba. Tana cin gara da shinge da fara da tsutsa, da ragowar kifi a bakin ruwa, da 'ya'yan kwakwar manja inda ake samunsu, har da bayan gida. Rashin zaɓen abincin nan ne ya ba ta damar zama a gari, shi ne kuma ya jawo mata ƙyamar mutanen da take share wa unguwa.

Haihuwa

Nan ne suka fi kama da juna, nan ne kuma rauninsu yake. Kowannensu ƙwai ɗaya tak yake yi a shekara. A yammacin Afirka ungulu da rani take haihuwa, ta yi kwanci na kimanin kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, bayan nan ma iyaye su ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Maiki kwancinsa kimanin kwana 55 ne, ɗansa yakan kai wata biyar a sheƙa, kuma ba ya fara haihuwa sai ya kai wajen shekara biyar ko shida. Namiji da mace ke karɓa-karɓar kwanci da ciyarwa, saboda haka mutuwar ɗaya takan zama mutuwar ɗan da ke sheƙa.

Halittar da ke haihuwa haka ta dogara ne da tsawon ran manyanta. Tana iya jure fari da shekarar da ba a yi 'ya'ya ba. Abin da ba ta iya jurewa shi ne kashe manya, domin wanda aka kashe yau sai an yi shekaru kafin a samu madadinsa.

Yadda suka ragu

Mafi ƙarfin shaida daga Sahel aikin Bafaranshe Jean-Marc Thiollay ne. Ya bi dubban kilomitoci na hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973, sannan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. A wajen gandun daji ya iske maiki ya ragu da kimanin kashi 96 cikin 100, ungulu kuma da kashi 45. A 2016 Darcy Ogada da abokan aikinta suka haɗa bayanan ƙasashen Afirka da dama, suka ƙiyasta cewa cikin zuriya uku, wato wajen shekara 50, maiki yana raguwa da kashi 97, ungulu da kashi 83.

Matakansu a kundin IUCN sun bi wannan sahu da sauri. Maiki ya shiga jerin waɗanda ake sa wa ido a 2007, ya hau matakin haɗari a 2012, ya kai na ƙarshe a 2015. Ungulu kuwa har ƙarshen shekarun 2000 ana ɗaukarta cikin waɗanda ba a damu da su ba, sai ga ta a matakin haɗari a 2011, bayan shekara huɗu kuma ta tarar da maiki. Jinkirin da aka yi wajen lura da ita yana da dalili: tsuntsun da ake gani kullum a kasuwa ba wanda ke tunanin ƙirga shi. A Dakar, inda aka yi ƙirgen, yawanta ya faɗo daga kimanin 3,000 a 1969 zuwa kimanin 400 a 2016.

Sai dai mataki ɗaya ba ya nufin hali ɗaya. Ƙiyasin 2011 ya ce ungulu ba ta wuce 197,000 a duk nahiyar ba, kuma har yanzu tana da yawa a Gambiya da Gine-Bisau da kudancin Sanagal. Manyan maiki kuwa an ƙiyasta su kimanin 22,000, lissafin da ya samo asali tun farkon shekarun 1990, wato ya riga wani kaso mai yawa na asarar. Ungulu tana zubewa daga babban adadi. Maiki ya riga ya ƙare a yawancin yammacin Afirka, saura 'yan tsirarun wurare.

Abin da ke kashe su

Binciken Ogada ya duba mutuwar ungulaye iri-iri 7,819 da aka rubuta a ƙasashe 26. Guba ce ta kashe kashi 61 cikin 100, cinikin sassan jikinsu don magani da tsafi kashi 29, wayoyi da turakun lantarki kashi 9. Guba da ciniki ke nan suka kwashe tara cikin goma, amma yadda suke faɗa wa tsuntsayen biyu ya bambanta.

A gabashin Afirka maiki galibi ba shi ake nufi ba. Zaki ko kura ta kashe wa makiyayi saniya, sai ya barbaɗa wa ragowar gawar maganin ƙwari, mafi shahara shi ne carbofuran da aka sayar da sunan Furadan, don ya rama. Kafin zakin ya dawo, tsuntsaye sun sauka. Mushe ɗaya kan kashe gommai, wani lokaci fiye da ɗari. Akwai kuma masu kashe giwa don haure, waɗanda ke sa guba da gangan saboda jewar ungulaye a sama tana nuna wa masu gadin daji inda aka yi ɓarna. A Yunin 2019 an tsinci gawar ungulaye 537 a Botswana kusa da giwaye uku da aka sa wa guba, 28 daga ciki irin ungulun nan ce ta gari. A garuruwa kuma gubar da ake sa wa karnukan da ba su da masu ita ma takan bi ta kan ungulu, ko ta ci naman da aka ajiye, ko ta ci karen da ya mutu.

A yammacin Afirka kuwa su ake nema. Ana sayen kai da ƙafa da ido da ƙwaƙwalwa da gashi da ƙwai, bisa imanin cewa suna kawo sa'a a caca da kasuwanci da takara, ko suna maganin farfaɗiya da taɓin hankali, ko suna ba mutum ganin abin da ke ɓoye. Babu wata hujjar likitanci da ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tunda da guba ake kama da yawa daga tsuntsayen, mai shan maganin yana iya haɗiyar gubar da ta kashe su. Binciken da Ralph Buij da abokansa suka yi kan kasuwannin yammaci da tsakiyar Afirka ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na gawarwakin da ake cinikinsu a Najeriya ake sayar da su, Benin na biye. Wani binciken da aka yi tsakanin masu sayar da maganin gargajiya a arewacin Najeriya ya iske ungulu ce ta fi yawa a shimfiɗarsu, kuma kaso mai yawa daga maƙwabta ake kawowa, irin su Nijar da Cadi da Kamaru da Benin. Ma'anar wannan a fili take: na gida sun yi ƙaranci, farashi ya tashi, mafarauta sun tsallaka iyaka. Dole a faɗi gaskiya cewa kasuwar Najeriya tana cikin manyan abubuwan da ke kwashe ungulayen ƙasashen da ke kewaye da ita.

Mafi munin abin da ya faru a farkon 2020 ne a Gine-Bisau, a yankunan Bafata da Gabu, inda aka kashe ungulu fiye da 2,000 da guba, aka iske da yawa an yanke musu kai. Ba a taɓa rubuta kisan ungulaye mai yawan wannan ba a ko'ina. Sabon da ta yi da mutum ne ya sa hakan ya yiwu. Tsuntsuwar da ke sauka kusa da ƙafar mahauci ba ta bukatar gwanin maharbi, ɗan nama da guba sun isa. Maiki ya fi wuyar samu, amma ya fi tsada, kuma sheƙunsa a tare suke, wanda ya san dutsen ya san inda zai same su duka.

Akwai wasu dalilan da ke aiki a hankali. Sare manyan itatuwa don katako da gawayi da faɗaɗa gari yana hana ungulu wurin sheƙa, haka ma sassabe rassan gawo don dabbobi a daidai lokacin da take kwanci. Mayankar zamani mai rufi ta rage mata abinci, ko da yake wannan ci gaba ne da ba wanda zai ce a fasa. Shi kuma maiki ya rasa manyan namun dajin Sahel da farauta ta ƙarar, ya koma dogaro da mushen dabbobin gida, wanda shi ma ba a cika bari a fili kamar da ba.

Abin da rashinsu ke jawowa

Ruwan cikin waɗannan tsuntsaye yana da tsami ƙwarai, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Taron maiki kan cinye gawar babbar dabba cikin ɗan lokaci, kafin ƙuda da karnuka su same ta. Gwajin da aka yi a Kenya ya nuna idan babu ungulaye mushe kan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma dabbobi irin su kura da dila sun fi taruwa a kansa suna cuɗanya, abin da ke sauƙaƙa yaɗuwar cuta.

Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 maganin ciwon jiki na diclofenac da ake yi wa shanu ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushensu, har wasu ire-ire suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. Nazarin masana tattalin arziki Eyal Frank da Anant Sudarshan, wanda ya fito a 2024, ya ƙiyasta cewa rashin ungulayen ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Waɗanda maganin ya fi kashewa a can 'yan rukunin Gyps ne, rukunin maiki, don haka yaɗuwar irin wannan magani tsakanin makiyayan Afirka abin tsoro ne a kansa.

Matakan kariya

A Oktoban 2017, a taron yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura da aka yi a Manila, an amince da shirin shekara 12 na ceto ungulaye iri 15 na Afirka da Turai da Asiya, wanda ya shafi ƙasashe 128. Ungulu da maiki suna ciki. Suna kuma ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Najeriya tana da dokar cinikin dabbobin da ke cikin haɗari tun 1985, an sabunta ta a 2016, amma har yanzu ana baje kawunan ungulu a kasuwanni ba a ɓoye ba. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta yi aiki da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya don su koma amfani da tsirrai a madadin sassan ungulu, hanyar da ta fi kama hankali tunda su ne ke da ta cewa wurin masu saye. A Nijar da Cadi ƙungiyar Sahara Conservation da ma'aikatan gandun daji suna bibiyar sheƙu, ciki har da na gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012. Asabar ta farko a watan Satumba kuma ita ce ranar wayar da kai kan ungulaye a duniya.

Magani ɗaya ba zai yi wa su biyun ba. Gandun daji kaɗai ba ya tsare maiki, domin tsuntsun da ke tafiyar kilomita 150 a yini zai fita kowane gandu ya ci abin da ya samu a waje. Kare shi yana bukatar gadin duwatsun da suka rage, da hana sayar da magungunan ƙwari masu tsananin guba barkatai, da biyan makiyayi diyya ko taimaka masa da shinge kafin ya kai ga ramuwa, da haɗin kan ƙasashen da yake ratsawa. Aiki ne na gwamnatoci, mai tsada, mai ɗaukar lokaci.

Ungulu kuwa gandu ba ya mata amfani sosai a yammacin Afirka, tunda ba a can take zaune ba. Makomarta tana hannun mutanen gari: Sarkin Fawa da zai hana a kama ta a kwata, mai unguwa da zai hana sare tsamiyar da take sheƙa a kai, mai gona da zai jinkirta sassabe gawo har ɗanta ya tashi, malamin da zai faɗa wa jama'a cewa kan tsuntsu ba ya ba da arziki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa ko izinin wata ƙasa. Duk garin da har yanzu ungulu ke sauka a mayankarsa, ya kamata hukumarsa da mahautansa su san adadinta da itatuwan da take kwana, su kuma sa ido kan baƙon da ya zo yana tambayar inda take.